Yaro na jin Holanci tun yana goye, jami'a kuma takarda take nema: Staatsexamen NT2, CNaVT ko ITNA?

A ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar Holand ko ta arewacin Beljiyam, ba wanda zai tambaye ka da wane harshe ka buɗi baki. Takardar sakandare suke dubawa: a ina aka yi ta, da wane harshe aka koyar. Wannan yana ba iyaye da yawa mamaki, musamman 'yan uwanmu mazauna can da suka mayar da yara gida Kano, Damagaram ko Kumasi don su yi sakandare kusa da dangi, su samu karatun addini da tarbiyya. Yaron an haife shi a Rotterdam ko Antwerp, can ya yi firamare, da Holanci yake faɗa da ƙannensa, fasfo ɗinsa ma na can ne. Ya dawo da sakamakon WAEC ko bakaloriya yana neman gurbi a kwas ɗin da ake koyarwa da Holanci, sai a ce masa ya kawo shaidar yana jin harshen. Uba ya ɗauki waya ya ce ga yaron nan ku yi magana da shi ku ji. Ma'aikaciyar za ta yaba da lafazinsa, sannan ta sake cewa ya kawo shaida.

Ba wulaƙanci ba ne, kuma ba don launin fata ba ne. Ɗan jakadan Holand da ya yi sakandare a Landan ko Nairobi, shi ma abin da za a ce masa ke nan. Dokar ilimi mai zurfi ta Holand ta ba jami'a damar neman duk mai takardar sakandare ta waje ya nuna Holancinsa ya isa ya bi darasi da shi, jami'o'in Flandas, wato ɓangaren Beljiyam mai magana da Holanci, su ma suna da irin wannan sharaɗin. Matakin da aka fi nema shi ne B2 a ma'aunin harsuna na Turai, wanda ya tashi daga A1 ya ƙare a C2. Mai B2 zai iya sauraron lacca ya ɗauki bayani, ya karanta doguwar maƙala, ya rubuta hujja a tsare. Wasu kwasa-kwasan, kamar na nazarin harshe da na horar da malamai, sukan nemi C1, wasu jami'o'in kuma sukan ɗaga matakin a fannin likitanci ko shari'a.

Kafin a biya kuɗin kowace jarrabawa

A fara lalubo tsofaffin takardun makaranta, domin wani lokaci shaidar tana cikin akwati ba a sani ba. A Holand, wanda ya gama havo ko vwo, wato manyan rassan sakandarensu guda biyu da ke kai mutum ilimi mai zurfi, ba a tambayarsa komai. Haka mai takardar sakandare ta Flandas, haka wanda ya yi irin wannan karatun da Holanci a Suriname, Aruba ko Curaçao. Firamare kuwa, ko duk shekara takwas ɗin aka yi a can, a mafi yawan wurare ba ta wadatarwa.

Flandas ta fi sassauci a nan. Jami'o'inta da dama suna karɓar shaidar cewa ɗalibi ya kammala shekara ɗaya cikakkiya, kuma ya ci, a sakandaren da ake koyarwa da Holanci, ko kuma shekara ɗaya a jami'a ko kwalejin da ke amfani da harshen. Ma'ana yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara 12 da gama firamare sai ya zauna jarrabawa, ƙanwarsa da aka bari ta gama aji ɗaya na sakandare kafin a ɗauke ta tana iya shiga jami'ar Ghent ko ta Leuven da rahoton ƙarshen shekara kawai. Duk uban da ke shirin mayar da yaro gida ya yi wannan lissafin tun yanzu. Shekara ɗayan nan da takardarta mai hatimin makaranta suna iya rage wa yaro wahalar shekara guda nan gaba.

Akwai kuma takardun da mutane ke tsammanin za su yi aiki amma ba sa yi. Jarrabawar zama ɗan ƙasa da baƙi ke yi a Holand, wadda ake kira inburgering, a ƙarƙashin tsohuwar doka A2 ce, sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022 kuma B1 take hari. Duk ba su kai ba. Ƙaramar jarrabawar da ake yi a ofishin jakadanci kafin a je wurin miji ko mata A1 ce, ba a ma maganarta. Wasiƙar malamin darasi ko ta wani ɗan uwa mai cewa yaro na jin harshen ba ta da wani nauyi.

Staatsexamen NT2, Programma II

Wannan ita ce jarrabawar gwamnatin Holand ta Holanci a matsayin harshe na biyu, abin da NT2 ke nufi ke nan, kuma ita ce wadda kowace jami'a a ƙasar ta sani. Hukumar jarrabawa ta ƙasa, CvTE, ke da alhakinta, hukumar DUO kuma ke karɓar rajista da kuɗi da fitar da sakamako. Iri biyu ce, kuma nan ne wasu ke tafka asara: Programma I matakin B1 ce, ta masu shiga makarantun koyon sana'a, Programma II ita ce B2, ta jami'a da manyan kwalejoji. Wanda ya ci ta farko ya kai jami'a, za a dawo masa da ita.

Sashe huɗu ne: karatu, sauraro, rubutu, magana. Duka a kan kwamfuta ake yinsu a cibiyar jarrabawa. Kowane sashe ana biyansa daban, a 'yan shekarun nan Yuro 50, wato 200 ke nan duka huɗun. Makin ci 500 ne a kowane sashe. Babbar falalarta ita ce ba a haɗa su a dunƙule. Wanda ya ci uku ya faɗi ɗaya, ɗayan kawai zai sake, ukun suna nan a ajiye, ranar da ya cike na huɗu a ba shi difloma. Ana kuma yin ta sau da yawa a cikin shekara, don haka faɗuwa a Fabrairu ba ta nufin an rasa zangon Satumba, muddin akwai gurbi a cibiyar. Guraben bazara kan cika da wuri saboda kowa a lokacin yake rububi.

Sashen magana ne ke rikita har wanda harshen ya zauna masa. Babu mutum a gabanka. Ka sa na'urar sauraro a kunne, kwamfuta ta ba ka yanayi, ta yi ƙara, ka yi magana cikin daƙiƙa ashirin ko talatin, ta sake ƙara ta yanke. A ƙarshe akwai doguwar amsa ta minti biyu, inda za a ba ka bayani ko jadawali a ce ka kare wani ra'ayi. Ga kuma sauran masu jarrabawa a ɗaki ɗaya kowa na ta nasa surutun. Yaron da ya saba hira da abokai yakan ɓata rabin lokacin yana shimfiɗa, ƙarar ta same shi bai zo kan amsar ba. Wannan ba matsalar harshe ba ce, ta rashin sabo ce, kuma mako biyu na gwaji da agogo suna maganinta. A sashen sauraro sau ɗaya ake kunna kowane yanki. A karatu da rubutu an yarda a shiga da ƙaramin ƙamus na Van Dale wanda aka yi don masu koyon harshen.

Cikas ɗinta biyu ne. A cikin Holand kaɗai ake yin ta, ba a ofishin jakadanci ba, ba ta intanet ba. Mai fasfon Tarayyar Turai tikitin jirgi kawai zai saya ya sauka gidan dangi. Wanda ba shi da shi sai ya nemi bizar Shengen saboda jarrabawar da sassanta kan faɗo a ranaku daban-daban, kuma sakamako sai bayan makonni. Na biyu, a B2 ta tsaya. Idan kwas ɗin C1 yake nema, wannan jarrabawar ba ta da abin da za ta ba ka. Jami'o'in Flandas su ma galibi suna karɓar Programma II, don haka mai ita bai rufe wa kansa ƙofar Beljiyam ba.

CNaVT

An yi wannan ne musamman domin waɗanda ke wajen ƙasashen da ake jin harshen. Tana ƙarƙashin Taalunie, ƙungiyar harshen Holanci da Holand da Beljiyam suka kafa da yarjejeniya a 1980, wadda Suriname ta shiga daga baya, kuma masana a jami'ar KU Leuven ta Beljiyam ne ke tsara tambayoyin da yin maki. Ba ta da cibiyoyi nata na kanta. Makaranta ko jami'a ko malamin da aka yi wa rajista a wata ƙasa shi ke karɓar ɗalibai, ya sa ido a kansu, ya ɗauki muryarsu, ya tura komai Leuven.

Iri biyar ce, amma biyu ne suka shafi mai neman jami'a. Educatief Startbekwaam ita ce B2, ta mai shirin fara karatu. Educatief Professioneel ita ce C1. A kula, akwai wata B2 ɗin mai suna Zakelijk Professioneel, ta masu aikin ofis da asibiti ce, ba ita jami'a ta saba nema ba. Tsofaffin shafuka kan kira na jami'ar da PTHO da PAT, sunayensu ke nan kafin a sauya.

A ganina, cikin ukun ita ce ta fi kama da ainihin abin da ɗalibi zai tarar a aji. Ba a raba fasahohin ɗaya bayan ɗaya. A sashe na farko ka saurari wani abu kamar lacca ka rubuta taƙaitawa ko martani. A na biyu ka karanta maƙala ka rubuta hujja a kanta. A na uku ka zauna da mutum, ba kwamfuta ba, ka gabatar da bayani ka kare zaɓinka. Wanda ya ci ta da gaske ya shirya wa makon farko na jami'a. Sai dai wannan kyan nata shi ne haɗarinta ga irin yaron da muke magana a kansa, domin kashi biyu cikin uku rubutu ne, kuma rubutu ne ya tsaya masa tun ranar da ya bar makarantar can.

Matsalarta babba kalanda ce. A watan Mayu aka saba yin ta, rajista kuma tana rufewa tun Maris, sakamako sai wajen Yuli. A dunƙule ake ci ko faɗuwa, babu sake sashe ɗaya. Wanda ya faɗi ya yi asarar shekara, sai dai in ya garzaya Turai ya gwada ɗaya daga cikin sauran biyun kafin Satumba. Sannan sai an samu mai karɓar jarrabawar. A Jamus, Faransa, Indonesiya da Afirka ta Kudu, inda ake koyar da Holanci a jami'o'i, wannan ba abin damuwa ba ne. A Afirka ta Yamma kuwa sai an nema. Shafin CNaVT yana da jerin wuraren da ake yi, kuma abin da ya kamata a fara tuntuɓa shi ne makarantun da ke koyar da 'ya'yan 'yan Holand mazauna waje, waɗanda gidauniyar NOB ke tallafa wa, irin waɗanda ake samu a manyan biranen da ke da ofisoshin jakadanci da kamfanoni. A yi wannan binciken tun Disamba ko Janairu. Wanda ya tuna da ita a Afrilu ya makara.

ITNA

Ita kuma ta jami'o'in Flandas ce. Cibiyoyin harshe na jami'o'in Leuven, Ghent, Antwerp da Brussels ne suka haɗa kai suka tsara ta, kuma a can ake zama a yi ta, sau da dama a shekara. Mataki biyu take gwadawa, B2 da C1. Ana farawa da sashen kwamfuta: ƙamus, nahawu, cike gurbi, tsara sakin layi, karatu, sauraro har da shifta. Sai wanda ya haye wannan ake kira sashen baka, inda zai tsaya gaban malamai ya yi gabatarwa a kan jadawali ya kuma kawo hujja. A matakin B2 babu doguwar maƙala da za a rubuta. Sakamako yana fitowa da sauri fiye da na sauran biyun, abin da ke da muhimmanci ga wanda lokaci ya ƙure wa. Jami'o'i kan so takardar ta kasance sabuwa, don haka ba jarrabawar da za a yi a ajiye shekaru ba ce.

Masu koyon harshen daga tushe suna jin tsoronta, kuma suna da dalili. Bart Deygers, wani mai bincike da a lokacin yake KU Leuven, ya sa ɗalibai iri ɗaya suka zauna ITNA da kuma Educatief Startbekwaam, dukansu da sunan B2, sai aka ga waɗanda suka ci ta CNaVT sun fi waɗanda suka ci ITNA yawa. Ƙamus ne ke kayar da mutane a ITNA: salon magana, kalmomin da suka saba tafiya tare, ƙananan bambance-bambancen da sai kunne ya saba. To amma wannan shi ne daidai abin da yaron da ya tashi da harshen yake da shi a jini. Ba sai ya tuna doka ba, yana jin jimlar ya san wace kalma ce ta zauna. Shi ya sa nake ganin jarrabawar da ta fi wa baƙo wuya tana iya zama wadda ta fi wa ɗan gida sauƙi, tunda ta dogara ga kunnensa ta kuma ɗauke masa dogon rubutu. Ɗan Rotterdam zai ji lafazin Flandas ya ɗan bambanta, da wasu kalmomi nan da can, amma kwana kaɗan na sauraron labaran tashar VRT sun isa.

Iyakarta ita ce ta Flandas ce. Wasu jami'o'in Holand suna lissafa ta cikin abin da suke karɓa, amma kada a ɗauka haka nan sai an ga sunanta a shafin kwas ɗin da ake nema. Ga wanda bai iya harshen ba sam, akwai wata hanya da ke ƙarewa a ITNA: jami'o'in Ghent da Antwerp da Leuven suna da shekarar share fage ta koyon Holanci zalla, wadda ake iya samun bizar ɗalibi a kanta, a tashi daga sifiri a kai B2 cikin shekarar karatu ɗaya. Aiki ne na safe da yamma, ba na mai neman kuɗi a gefe ba.

Inda ɗan gida ke tuntuɓe

Binciken na Deygers yana da wani ɓangare da ya kamata kowane uba ya ji. An ba ɗaliban Flandas 'yan shekarar farko, waɗanda aka haifa a harshen suka kuma yi dukkan karatunsu da shi, sashen rubutu na jarrabawar B2 ta CNaVT, wato Educatief Startbekwaam, kuma wani kaso daga cikinsu bai ci ba. Idan wanda bai taɓa barin makarantar Holanci ba yana iya faɗuwa, ina ga wanda ya bar ta yana ɗan shekara 11 ya koma rubutu da Turanci ko Faransanci shekara shida?

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe nawa ne ke zuba Hausa kamar ruwa, amma a ce ya rubuta wa hakimi takardar koke shafi ɗaya sai gumi ya karyo masa? Holancin yaron na filin wasa ne da na falo. Bai taɓa rubuta wasiƙar neman uzuri ga shugaban sashe ba, bai taɓa bayyana jadawalin ƙididdiga ba, bai san kalmomin haɗa hujja da ake amfani da su a rubutun ilimi ba. Yana cakuɗa "jij" na abokai da "u" na girmamawa a wasiƙa ɗaya. Ga kuma tsohuwar matsalar ƙarshen aikatau, d ne ko t ko dt, inda "word" da "wordt" ko "gebeurt" da "gebeurd" suke fita iri ɗaya a baki amma rubutunsu ya bambanta. Baƙon da ya koyi harshen a aji ya haddace dokar. Ɗan gida da kunne yake rubutu, kunne kuma ba ya jin bambancin. Masu maki ba za su kayar da mutum saboda harafi ɗaya ba, amma idan aka haɗa kurakuran rubutu da rashin tsari da amsar da ta kauce wa abin da aka tambaya, makin zai sauka ƙasa da layi.

Saboda haka tambayar da za a yi wa yaro kafin a zaɓa ba ita ce ko yana jin harshen ba. A ba shi maƙalar jarida daga NRC ko De Standaard, a ce ya taƙaita ta cikin kalmomi 150 ya kuma faɗi ra'ayinsa, a nemi wanda ya yi karatu a can ya duba. Abin da ya fito a takardar nan shi zai nuna hanya.

Hanyoyi biyu da ba a cika ambata ba

Idan yaron bai gama sakandare ba tukuna kuma yana makarantar da ke bin tsarin IB, wato manhajar sakandare ta ƙasa da ƙasa mai suna International Baccalaureate, to ya ɗauki Holanci a matsayin harshen farko, abin da suke kira Dutch A. Ko makarantar ba ta da malamin harshen, tsarin ya yarda ɗalibi ya yi adabin harshensa na gida da kansa a ƙaramin mataki, makaranta na sa ido, da malami daga nesa. Jami'o'in Holand sun saba karɓar wannan a madadin kowace jarrabawa. Ita ce hanya mafi tsafta, sai dai makarantun IB a yankinmu kaɗan ne kuma kuɗinsu ba na kowa ba ne.

Ta biyu ita ce a zauna darasin Holanci kaɗai a jarrabawar sakandare ta gwamnati, a matakin havo ko vwo, a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, ita ma ta hannun DUO. Wannan ita ce jarrabawar da 'yan ƙasa ke yi, da karatun littattafan adabi da zama gaban malamai. Ta fi NT2 nauyi nesa ba kusa ba, sau ɗaya ake yin ta a shekara, rajistarta kuma tana rufewa tun wajen ƙarshen shekarar da ta gabata. Ba zan ba kowa shawararta don harshe kaɗai ba. Tana da amfani ne ga wanda dama sai ya cike wasu darussan, kamar lissafi ko kimiyya, a matakin vwo.

Wannan ya kawo mu kan wani abu da ba a so a manta. Shaidar harshe daban, darajar takardar sakandare daban. A Holand hukumar Nuffic ce ke auna takardun waje, a Flandas kuma NARIC, kuma WAEC ita kaɗai ba a saba daidaita ta da vwo ba. Yaro yana iya cin NT2 da maki mai kyau a ce masa duk da haka sai ya ƙara shekarar jami'a ko ya fara daga babbar kwaleji, wato hbo. A tambayi wannan tun farko, domin amsar tana iya sauya ƙasar da za a nufa gaba ɗaya.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce?

Mai fasfon Turai da ke son jami'ar Holand, ya tafi can da wuri ya yi Programma II. Ba don ta fi sauran inganci ba, sai don ita ce ke yafiya. Ya fara da rubutu, tunda nan ne ya fi rauni, don in ya faɗi ya samu lokacin sakewa. Neman gurbi ta shafin Studielink yana rufewa ranar 15 ga Janairu ga kwasa-kwasan da ke da ƙayyadadden adadi kamar likitanci, da 1 ga Mayu ga sauran, amma jami'o'i kan ba da gurbi bisa sharaɗi a kawo shaidar harshe daga baya, kafin zangon ya fara ranar 1 ga Satumba. Kowace jami'a da nata wa'adin na kawo takardar, a nemi ranar a rubuta ta.

Wanda zuciyarsa ke Beljiyam, ya fara duba ko yana da shekarar sakandaren nan guda ɗaya. In babu, ITNA. In rubutunsa ya yi tsatsa amma kunnensa garau, ITNA ɗin dai, ko da yana da zaɓi.

Wanda ke gida Najeriya, Nijar ko Gana, ba shi da hanyar shiga Turai cikin sauƙi, kuma ya samu mai karɓar jarrabawa a inda zai iya zuwa, CNaVT ce tasa, domin ita kaɗai ce ke zuwa inda yake, kuma ana karɓarta a ƙasashen biyu. Amma ya lissafa da kyau: masu buƙatar biza wa'adin neman gurbinsu yakan faɗo tun watannin farko na shekara, sakamakon Yuli kuma yana iya zuwa bayan an rufe. Ga irin wannan ɗalibin ya fi aminci ya yi jarrabawar a Mayun shekarar da ta gabaci wadda yake son shiga, yana ajin ƙarshe na sakandare ko ma kafin nan.

Wanda kwas ɗinsa ke neman C1, zaɓinsa ya ragu zuwa Educatief Professioneel ko ITNA ta C1, sai kuma jarrabawar cikin gida da wasu jami'o'i ke shiryawa, kamar ta Leiden. Irin waɗannan na cikin gida suna da sauƙin samu, amma ba lallai wata jami'ar ta karɓe su ba in ra'ayi ya sauya.

Wani zai ce me ya sa ba za a bi kwas ɗin Turanci a huta ba. Ana iya yi, musamman a digiri na biyu inda Turanci ya yi yawa, kuma a nan IELTS ko TOEFL za a nema. Amma a digiri na farko iskar ta fara juyawa. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Robbert Dijkgraaf, ya kai wa majalisa ƙudirin rage yawan kwasa-kwasan da ake yi da Turanci, jami'o'i kuma da kansu sun fara maganar mayar da wasu zuwa Holanci. A Flandas dama mafi yawan digirin farko da Holanci ake yi. Yaron da ke da harshen a baki ya bar shi don gudun jarrabawa ɗaya ya rage wa kansa guraben da zai iya nema, har da likitanci da shari'ar ƙasar.

Ko wacce aka zaɓa, a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel, ba waya ba, a faɗi sunan kwas ɗin, shekarun da yaro ya yi a makarantar Holanci da ajin da ya tsaya, a haɗa hoton rahotannin, a tambaye su ko sun isa, in ba su isa ba wace takarda suke karɓa kuma zuwa wace rana. A adana amsar. Dukkan jarrabawowin uku suna da samfurin tambayoyi kyauta a shafukansu, a sauke su a yi da agogo a gefe. Tunda Staatsexamen da ITNA a kan kwamfuta ake yi, yaro ya saba buga Holanci a allon rubutu tare da kashe mai gyaran kuskure na kwamfutar. Wanda zai je Beljiyam ya kuma sani cewa jerin haruffan allon rubutu da aka fi amfani da shi a can AZERTY ne irin na Faransa, ba QWERTY da aka saba da shi a Najeriya da Holand ba, ya tambayi cibiyar wanne zai tarar kafin ranar.